Jan Gashi da Lalle: Darasi Daga Unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu

Duk malamin da aka tura koyarwa a unguwannin Hausawa na Gabas, bai yin wata guda sai ya gamu da jan gashi iri uku. Zai ga dattijo a ƙofar masallaci da gemu ja wur kamar garwashi. Zai ga yaro a aji wanda aka haife shi da gashi jaja-jaja, 'yan'uwansa suna yi masa ba'a. Wata rana kuma zai ga uwa ta goyo yaro wanda gashinsa ya koɗe ya yi ja, ya yi laushi kamar audugar rimi. Wanda bai sani ba sai ya ce duk ja ja ne. To, ba haka ba ne. Na farko ado ne, na biyu halitta ce, na uku kuwa ciwo ne mai kisa. Nufinmu a wannan darasi shi ne mu san yadda a ke rina gashi da ganyaye a gida, mu san abin da rinin ke iya yi da abin da ba ya iyawa, sa'an nan mu iya rarrabe waɗannan uku.

Bari mu fara da wurin. Hausawa sun daɗe suna bin kogin Kwara zuwa Anacha da fatauci, amma jirgin ƙasa ne ya yawaita su a Gabas. An gano gawayin kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal a 1913 domin a sami tashar jiragen ruwa da za a fitar da shi, dogo kuma ya haɗa garuruwan nan biyu a 1916. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932 sai hanya ta miƙe daga Arewa har bakin teku. Shanu da wake da albasa da busasshen kifi suka yi ta gangarawa, manja da goro suna haurawa. Ibo suna kiran unguwar Hausawa Ama Awusa. A Inugu har wani Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin gari na farko a shekarun 1950. Inda fatake suka zauna kuwa sai mata su biyo, inda mata suka zauna sai an yi biki, biki kuma ba ya yiwuwa sai da lalle. Ta haka garin lalle ya shiga cikin kayan da a ke saukewa a kasuwannin Diobu na Fatakwal da kasuwar Ose ta Anacha, tare da kuka da kuɓewa da zoɓo.

Abin da ke ba gashi launi

Gashi an yi shi ne da wani abu mai tauri wanda masana ke kira keratin, shi ne kuma a cikin farce da ƙaho da kofato. A gindin kowane silin gashi akwai 'yan ƙwayoyi masu zuba masa launi tun yana cikin fata. Launin iri biyu ne, akwai mai duhu, baƙi ko ƙasa-ƙasa, akwai kuma mai ja da rawaya. Kowane mutum yana da duka biyun, sai dai wani ya rinjayi wani. A kanmu mu baƙar fata mai duhun ne ya yi rinjaye ƙwarai har ya binne ɗayan. A Sikotlan da Ailan kuwa, wajen mutum ɗaya cikin goma jan ne ya rinjaya a kansa, ko da ya ke a duniya duka masu jan gashi ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Furfura ita ce gashin da gindinsa ya daina zuba launi ɗungum.

Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran darasin ya dogara: gashin da ya fito waje matacce ne. Abin da aka shafa masa yana iya hawa kansa ko ya kama shi, amma ba ya sake abin da gindi ke zubawa. Kuma rinin ganye ƙari ya ke yi, ba ya ragewa. Kamar marini ne a Ƙofar Mata: ya iya mai da farin ƙyalle shuɗi, amma bai iya mai da baƙi fari.

Lalle

Lalle shi ne sarkin wannan fage, sauran duk 'yan rakiya ne. Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia, sunan da Linnaeus ya ba shi a 1753 don girmama wani abokinsa likita, Isaac Lawson. A cikin ganyensa akwai wani sinadari da a ke kira lawson, wanda bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na nauyin busasshen ganye ba. Wannan ɗan kaɗan shi ke yin aikin duka. In ya sadu da keratin sai ya ƙulle da shi, ƙullin da sabulu ba ya kwancewa. Shi ya sa ƙunshi ke barin tafin hannu bayan mako biyu ko uku, sa'ad da fatar sama ta saɓule, amma a farce sai an yanke, a gashi kuma sai an aske ko sabo ya ture shi. Gashi kuwa bai kai rabin inci ya ke tsawo a wata ba. Watau wanda ya sa lalle a gemu ya ɗauki alkawari na watanni.

Launin da za a samu ya danganta da gashin da aka tarar. A baƙin gashi da ƙyar a ke ganinsa, sai an fita rana a ga wani ja-ja yana ƙyalli. A furfura yana fitowa ruwan goro, mai haske, irin wanda mu ke gani a gemun dattawa. A gashin da ya ke ja tun asali kuwa, nan ne ya fi kyau, don yana ƙara masa zurfi ya daidaita inda rana ta koɗar. Wannan dabara ba ta yau ba ce. A 1976 an kai gawar wani sarkin Masar na dā, Ramsis na Biyu, birnin Paris don a yi mata magani, masana suka duba gashinsa da madubin ƙara girma. Suka tarar an rina furfurarsa da lalle, kuma asalin gashinsa tun yana saurayi ja ne. Mutumin nan ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A wajen Musulmi kuma rina furfura da lalle abu ne sananne tun zamanin Sahabbai, an ruwaito Sayyidina Abubakar yana haɗa shi da wani ganye mai suna katam don ya yi duhu. Wasu malaman namu suna yin irin wannan da baba, ganyen da a ke yin shuni da shi: a fara sa lalle, a wanke, a bi da baba, sai a sami launi mai duhu.

Ga yadda a ke haɗawa. A sami busasshen ganye mai kore sosai, a daka, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi don kada haki ya maƙale a kitso. A kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a matsa lemun tsami kaɗan ko a zuba ruwan tsamiya. Tsamin yana taimakon sinadarin ya fito daga ganye a hankali, ya kuma tsare shi kada ya lalace kafin ya kai ga gashi. Amma kada a cika, gama tsami mai yawa yana busar da gashi har ya riƙa karyewa. A rufe kwaɓin a ajiye. In saman ya yi ƙasa-ƙasa alhali cikin yana kore, a ɗiga a tafin hannu a share bayan minti biyar; in ya bar tabo ruwan lemo, ya nuna. A shafa a gashi wankakke marar mai, tun daga gindi, a rufe da leda ko ganyen ayaba don kada ya bushe, domin busasshen lalle ya daina aiki. Bayan awa biyu zuwa huɗu a wanke. Kada a tsorata da hasken ranar farko, iska za ta dafa shi ya yi zurfi cikin kwana biyu ko uku. Wanda ba ya son launi mai ƙarfi sai ya tsinka kwaɓin da ruwa, ya tace, ya riƙa ɗauraye kai da shi bayan wanka, launi zai hau kaɗan kaɗan.

Akwai abu biyu da suka shafi mazauna Gabas musamman. Na farko laima. Ruwan da a ke yi a Kano a shekara wajen inci 35 ne, na Fatakwal kuwa ya haura inci 80. Garin lalle da zai yi shekara a ɗakin Kano lafiya lau, in an bar shi a buɗe a Diobu sai ya sha danshi, ya dunƙule, ya koma ruwan ƙasa, ƙarfinsa ya tafi. Na sha jin mata suna cewa mai kaya ya cuce su, alhali kuwa damina ce ta cuce su. Maganin abin shi ne a sayi kaɗan, a zuba a kwalba mai murfi, a ɓoye daga haske. Na biyu mai. Lalle yana barin gashi da ɗan kaushi, sabo da haka bayan kwana biyu a shafa man kaɗanya, in babu kuwa ga alayyadi nan a ko'ina a ƙasar kwakwar manja, da araha. Amma a bayan rini za a shafa, ba kafinsa ba, don mai yana tare hanya.

Kada kuma a kwaɓa a tukunyar ƙarfe mai tsatsa sai in duhu a ke so. Ganyen lalle yana da ɗan abin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, shi kuwa in ya gamu da ƙarfe baƙi ya ke yi. Duk wanda ya taɓa zama wurin dukawa ya ga yadda su ke baƙanta jemammiyar fata da ruwan kashin maƙera ya san wannan.

Zoɓo da 'yan'uwansa

Turawa masu jan gashi sukan ɗauraye kai da ruwan karas ko na wani jan tushe da su ke ci a cikin ganye, don gashin ya ƙara ja. Namu da ya yi daidai da wannan shi ne zoɓo. A tafasa tafi biyu na busasshen zoɓo a ruwa kwalba guda, a tace, a bari ya huce, a zuba a kai bayan wanka, a bar shi rabin awa. A kan gashi mai haske yana ba da ja mai kyau, kuma ɗan tsaminsa yana kwantar da bayan gashi ya yi sheƙi. Sai dai gaskiya ita ce jan zoɓo baƙo ne. Ba ya ƙullewa da keratin yadda lalle ke yi, zama kawai ya ke yi a sama, wanka ɗaya ko biyu ya tafi, in kuma ruwan sama ya kama mutum a hanyar Asata to farar rigarsa ce za ta ba da labari. Na karas ma bai kai wannan ba, don launinsa a mai ya ke narkewa, ba a ruwa ba. Karan dafi da a ke rina jar fata da shi, da majigi wanda Ibo ke kira uhie suna shafawa a jiki, su ma suna ba da ja na ɗan lokaci. Ni dai a ganina amfanin zoɓo shi ne ga mai son gwaji ba tare da ɗaukar alkawari ba.

Baƙin da ba lalle ba

Yanzu mun zo inda a ke asarar rai. Babu lallen da ke yin baƙi ƙirin cikin rabin awa. Abin da a ke sayarwa da sunan baƙin lalle, ko dayis, galibi an zuba masa wani sinadarin masana'anta da a ke taƙaita sunansa PPD. A jikin wasu yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa daidai inda zanen ya bi, wani lokaci tabon ya zauna. Wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya kuwa ya ƙi shi ke nan har abada, karo na gaba kuma yana iya fin na baya muni. In yaro ya haɗiye shi sai wuya da harshe su kumbura har numfashi ya toshe, ƙoda kuma ta lalace. Likitoci a Khartum ta Sudan sun ba da labarin yara 31 da aka kawo musu da wannan guba tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu suka mutu. Abin ganewa mai sauƙi ne. Garin lalle na gaske kore ne, yana ƙanshin busasshiyar ciyawa, yana son awoyi. Duk abin da ya zo baƙi, ko ya kama nan take, a nisance shi, a kuma kawar da shi daga inda yara ke kaiwa.

Ko lalle na gaske ma ba a sa wa jariri. Akwai wani rauni na jini da a ke gado, likitoci suna kiransa rashin G6PD, ya fi kama maza, kuma a Nijeriya kusan namiji ɗaya cikin biyar yana da shi, mafi yawa ba su sani ba. Fatar jariri sirirya ce, sinadarin lalle yana ratsa ta ya shiga jini, in yaron yana da wannan rauni sai jajayen ƙwayoyin jininsa su farfashe. Idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, jikinsa ya saki. An ga haka a asibitocin Kuwait da Turkiyya. Ranar suna a yi wa maijego ƙunshi, a ƙyale jaririn.

Yaron da aka haifa da jan gashi

A cikin baƙar fata ma akan haifi mai jan gashi. Wani zabiya ne sosai, fata fara, gashi rawaya. Wani kuma fatarsa ja ce kamar tagulla, gashinsa ruwan goro, idonsa ƙasa-ƙasa. Wannan ma wani reshe ne na zabiyanci, mai sauƙi. Duka gado ne daga uwa da uba tare, ko da su kansu baƙaƙe ne. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin iska ba ne, ba a kuma ɗauka. A Inugu ne wani likitan fata, Anezi Okoro, ya bincika zabiya 1,000 ya buga sakamakon a 1975, ya nuna babban abokin gabansu rana ce, wadda ke ƙona fatarsu har ta kai ga ciwon daji, sai kuma raunin gani.

Iyaye da yawa sukan so su ɓoye irin wannan gashi da baƙin rini don a daina yi wa ɗansu dariya. Malami ya hana su da lalama, ya gaya musu abin da ke cikin dayis. In yarinya ta girma ta ga tana son ta gyara gashinta da lalle, babu laifi, a kanta ma zai fi fitowa da kyau fiye da kowa a ajin. Ta dai fara gwadawa a gashin da ya maƙale a matsefi, don a gashi mai haske launin yakan yi ƙarfi fiye da zato. Amma abin da yaron ya fi bukata daga gare ku ba rini ba ne. Ku zaunar da shi a layin gaba kusa da allo, ku rubuta manyan baƙaƙe, ku bar shi ya sa hula mai baki da riga mai dogon hannu ko da tufafin makaranta ba haka su ke ba, kada kuma ku tsai da shi a rana lokacin taron safe.

Jan da ke nuna yunwa

Na uku shi ne wanda ba a jinkiri da shi. Yaron da aka yaye, aka bar shi da gari da rogo da koko tsararo, ba wake, ba gyaɗa, ba kifi, ba ƙwai, jikinsa yakan rasa abin gina gashi da launinsa. Gashin ya yi ja ko fari-fari, murɗinsa ya warware, ya yi ƙaranci, in an ja kaɗan sai ya tuge ba tare da yaron ya ji zafi ba. Ƙafafu su kumbura, in an danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Yaron ya yi shiru, ba wasa, ba cin abinci. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a Ankara ta ƙasar Gana a 1933, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka ture don an yi masa ƙane. Mutanen Gabas sun san shi fiye da kowa, don a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kashe yara masu ɗimbin yawa a wannan ƙasa. Wani lokaci a sili ɗaya za ku ga baƙi, sa'an nan ja, sa'an nan baƙi, kowane gaɓa yana nuna watannin ƙoshi da na yunwa.

Bambancinsa da jan halitta shi ne, na halitta tun haihuwa ya ke, gashin yana da ƙarfi, yaron yana guje-gujensa. Na yunwa kuwa daga baya ya ke zuwa, tare da kumburi da kasala. Irin wannan kai in an sa masa lalle ko shuni an rufe shaidar da likita zai gani ne kawai. A kai shi asibiti a ranar.

Aikin gwaji

Kafin darasi na gaba kowane rukuni ya nemo kofi uku na gilashi, da ruwan zoɓo, da lemun tsami, da jiƙaƙƙiyar kanwa. Ku raba zoɓon uku. Na farko ku bar shi haka, na biyu ku matsa lemo, na uku ku ɗiga kanwa, ku rubuta launin da kowanne ya koma. Sa'an nan ku samo farin gashin akuya ko na tunkiya wurin mahauta, ku wanke shi da sabulu, ku ɗaure shi ƙulli huɗu. Ɗaya a zoɓo, ɗaya a kwaɓin lalle na awa ɗaya, ɗaya a kwaɓin lalle na awa huɗu, ɗaya kuwa ku shafa masa alayyadi tukuna kafin ku tsoma a lallen. Ku wanke su duka da sabulu sau uku, ku liƙa a takarda da kwanan wata, ku sake dubawa bayan kwana uku. Ku zo da takardun ranar Litinin, tare da sunayen abinci biyar masu gina jiki da uwa za ta iya saye da kuɗi kaɗan a kasuwar garin da aka tura ku koyarwa.